Babi na Shida: Ganyen Shayi da Zuciyar Mai Shansa

A ƙasar Suwidin akwai labarin da ake bayarwa game da Sarki Gustav na Uku, wanda ya yi mulki daga 1771 zuwa 1792. Wai sarkin ya tsani gahawa, yana ganin guba ce tsagwaronta, ya kuma lashi takobin sai ya nuna wa talakawansa haka ƙuru-ƙuru. Sai aka samo wasu tagwaye da aka yanke wa hukuncin kisa, aka sassauta musu zuwa ɗaurin rai da rai bisa sharaɗi guda: ɗaya zai riƙa shan buta uku ta gahawa kullum, ɗayan kuma buta uku ta shayi, har ta Allah ta kasance. Aka sa likitoci biyu su zuba musu ido. Likitocin suka riga su mutuwa. Shi kansa sarkin aka harbe shi a wurin wani bikin rawa a 1792. Tagwayen suka ci gaba da kurɓar abinsu, har mai shayin ya fara rasuwa yana da shekara 83. Masana tarihi suna shakkar aukuwar wannan abu, kuma da alama ƙagagge ne. To amma ko ƙagaggen ne, ya taɓo ainihin wahalar da ke cikin tambayar wannan babi, wato ko shayi na kare zuciya.

Ciwon zuciya ba ya kama mutum dare ɗaya. Shekara ashirin ko talatin jijiyoyin jini ke yi suna tsukewa a hankali kafin ranar da mutum zai dafe ƙirji ya zube, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda ke son ya san ko shayi na jinkirta wannan rana, sai ya tara dubban mutane, ya raba su gida biyu da ƙuri'a, ya ce waɗannan su sha, waɗancan kada su kusanta, sannan ya jira shekara ashirin. Ba a taɓa yin wannan ba, kuma da wuya a yi. Shaidar da ke hannu iri biyu ce. Akwai bin sawun jama'a masu yawa shekara da shekaru, ana tambayarsu abin da suke sha ana rubuta abin da ya same su. Akwai kuma ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni ko watanni, inda ake auna jini kafin a fara da bayan an gama. Ta farkon tana da yawan mutane amma ba ta iya rantsuwa cewa shayin ne ya yi aikin. Ta biyun tana iya rantsuwa, sai dai a kan abu ɗan ƙanƙane.

Kafin mu shiga alƙaluma, mu san ganyen. Shayi na ainihi daga itace guda yake fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, asalinsa yankin kudu maso yammacin Sin da maƙwabtanta. Koren shayin da samari ke dafawa a Damagaram da Agadas, da baƙin da ke cikin 'yar jakar Lipton, da wanda ake nomawa a Kakara a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, duk uwarsu ɗaya. A masana'anta suke rabuwa. Idan kore ake so, da an tsinko ganyen sai a yi maza a turara shi, kamar yadda Japanawa ke yi, ko a soya shi a busasshen kasko irin na mutanen Sin, don zafin ya tsayar da sauyin da iska ke jawowa. Idan baƙi ake so, sai a bar ganyen ya yi yaushi, a murje shi ko a daddatsa shi, a shanya shi iska ta shige shi har ya rine. Duk wanda ya taɓa ɓare farin goro ya ajiye, ya dawo ya tarar bakinsa ya yi ja, ya ga irin wannan aikin da idonsa.

Abin da ke rinewar wasu sinadarai ne da ake kira katekin, daga cikin babban dangin filabonoyid da ake samu a albasa da tuffa da koko. A koren shayi suna nan yadda suke, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne EGCG. A baƙin shayi sun harhaɗu sun zama wasu manyan ƙwayoyi masu launin ja. Su ne ke kawo baurin nan da ke kama harshe idan ganye ya jima a ruwa. Sai kuma kafeyin, mai wartsake mutum, wanda matsakaicin kofin baƙin shayi ke ɗauke da kamar miligiram 40 zuwa 50 nasa, wato kusan rabin na gahawa.

Maganar shayi da zuciya ta fara ƙarfi ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Holan mai suna Zutphen. A can aka bi dattawa maza 805, masu shekara 65 zuwa 84, har tsawon shekara biyar. Sakamakon da Michaël Hertog da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet a 1993 ya nuna waɗanda suka fi samun filabonoyid a cimarsu sun fi tsira daga mutuwar ciwon zuciya, kuma kashi 61 cikin ɗari na wannan sinadari daga shayi suke samunsa.

Daga baya Japan ta zo da adadi mai nauyi. A yankin Ohsaki na lardin Miyagi an bi mutum 40,530, masu shekara 40 zuwa 79, har shekara 11. Shinichi Kuriyama ya buga sakamakon a 2006. Matan da ke shan kofi biyar ko fiye na koren shayi a rana, mutuwarsu ta cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ta yi ƙasa da kashi 31 cikin ɗari idan an gwada da masu shan ƙasa da kofi ɗaya. A maza kashi 22 ne. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne shanyewar ɓarin jiki. A ɓangaren ciwon daji kuwa ba a ga komai ba. Mai karatu ya riƙe abu biyu game da kofin Bajapane: ɗan ƙarami ne, bai wuce mililita 100 ba, kuma ba a sa masa sukari ko madara.

An daɗe ana cewa ai wannan falalar kore ce kawai. Sai ga Birtaniya, ƙasar baƙin shayi da madara, ta kawo nata. A rumbun bayanan lafiya na UK Biobank an duba mutum 498,043 da aka bi kimanin shekara 11, aka fitar da sakamako a 2022: masu shan kofi biyu ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ragu da kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari, kuma ragin ya bayyana a ciwon zuciya da shanyewar jiki. A Sin ma, wani binciken mutum 100,902 da aka buga a 2020 ya sami masu shan shayi aƙalla sau uku a mako da ƙarancin ciwon zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 20.

Idan mutum ya tsaya a nan, sai ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, saboda Caerphilly.

Caerphilly gari ne a yankin Wales na Birtaniya, tsohon garin masu haƙar kwal. Hertog ɗin nan dai da ya yi binciken Zutphen, shi ne ya duba bayanan maza 1,900 na wannan gari da aka bi shekara 14, yana sa ran ganin abin da ya gani a gida. A 1997 sakamako ya fito a juye: waɗanda suka fi shan shayi su ne suka fi mutuwa. Ganyen dai ɗaya ne, masu shan ne suka bambanta. A Wales ta wancan lokaci, mai shan kofi bakwai ko takwas a yini galibi lebura ne, mai zuƙar taba, mai cin maiƙo, mai ƙaramin ƙarfi. A Holan kuwa mai shayi shi ne ya fi kula da kansa. A ganina babu darasin da ya kai wannan muhimmanci a duk labarin shayi. Kofin da ke hannun mutum yana tafe ne da sauran rayuwarsa: aikinsa, aljihunsa, tabarsa, barcinsa, abin da ke tukunyar gidansa. Tsohuwar Miyagi mai kofi biyar tana kuma cin kifi da waken suya da ganye, tana zama da ƙawaye. Masu bincike suna ƙoƙarin tace waɗannan abubuwa da lissafi, suna kuma yin iya yinsu, amma ba a tacewa tas. Hatta mutanen UK Biobank 'yan sa-kai ne, kuma an tabbatar sun fi sauran 'yan ƙasarsu lafiya da wadata tun daga farko.

Masana abinci sun taɓa shan kunya a irin wannan. An ga masu cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba, aka ɗora falalar a kan sinadarin bita-karotin. Da aka ba wa masu shan taba sama da 29,000 ƙwayoyin gwaji a ƙasar Finlan, sakamakon 1994 ya nuna ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha bita-karotin. Tun daga nan duk mai hankali a wannan fage yake taka-tsantsan.

Saboda haka sai a koma ga gwajin da ake raba mutane da ƙuri'a. A birnin Perth na Ostareliya, Jonathan Hodgson ya raba mutum 95 gida biyu. Rabi suna shan kofi uku na baƙin shayi kullum, rabi suna shan wani abu mai kama da shi a launi da ɗanɗano da yawan kafeyin, amma babu filabonoyid a ciki. Bayan wata shida, a rahoton 2012, awon jinin masu shayi ya sauka da maki 2 zuwa 3. Wato mai 150 ya koma 147 ko 148. Ƙwayar maganin hawan jini guda ɗaya, a ma'aunin da likita ya saba bayarwa, takan sauke kusan maki 9. A ɓangaren kitsen jini ma haka abin yake: idan aka tattara gwaje-gwajen koren shayi, mugun kolestarol yakan ragu da maki 2 zuwa 5, alhali maganin sitatin yana zaftare kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari nasa.

Kada a raina maki biyu kwata-kwata. Wani babban nazari na mutum miliyan ɗaya da Lancet ta buga a 2002 ya nuna cewa idan al'umma gaba ɗaya ta sauke lambar sama ta awon jininta da maki 2, mutuwar shanyewar jiki za ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ga ƙasa irin Najeriya, inda kusan ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini, wannan rayuka ne masu yawa. Amma ga Alhaji guda ɗaya da awonsa ke nuna 170, maki biyu ba su fitar da shi daga haɗari ba ko kaɗan.

Ta yaya ganyen ke wannan ɗan aikin? An yi shekaru ana tallar cewa yana wanke wasu gurɓatattun ƙwayoyi daga jini. A kwalbar ɗakin gwaji haka ne, amma a jikin mutum kaɗan ne daga cikin katekin ke ratsa hanji ya kai jini, wanda ya kai ɗin ma hanta ta sauya masa kama. Bayanin da ya fi tsayuwa yana ga siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. Ita ce ke sakin wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe idan jini ya ƙaru. A masu ciwon zuciya wannan fata takan yi kasala. Wani gwaji da aka yi a Boston ta Amurka a 2001 ya nuna baƙin shayi yana farfaɗo da buɗewar jijiya a irin waɗannan majinyata, bayan awa biyu da sha da kuma bayan mako huɗu. A 2007 likitocin asibitin Charité na Berlin suka tayar da ƙura da suka ce madara na kashe wannan amfani, sai dai mata 16 kacal suka gwada, kuma binciken Birtaniya mai kusan rabin miliyan bai ga bambanci tsakanin masu sa madara da marasa sawa ba. Ni ban ga dalilin ɗaga hankali a kan ɗigon madara ba.

Hukumomi dai ba su yarda a rubuta wa shayi sunan magani ba. A 2005 kamfanin Ito En na Japan ya nemi hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izinin rubuta cewa koren shayi na rage haɗarin ciwon zuciya. A 2006 hukumar ta ƙi, ta ce shaidar ba ta kai ba.

Labarin ciwon suga ya fi wannan rauni. A taron masana ciwon suga na Turai da aka yi a Stockholm a 2022, wasu masu bincike daga Wuhan sun gabatar da aiki mai hawa biyu. Da farko sun bi mutum 5,199 a Sin, ba su ga wani bambanci tsakanin masu sha da marasa sha ba. Sannan suka haɗa bincike 19 na mutum sama da miliyan ɗaya daga ƙasashe takwas, suka ga masu shan kofi huɗu ko fiye suna da ragin kashi 17 cikin ɗari, masu ɗaya zuwa uku kuma kashi 4 kawai. Jaridu suka ɗauki 17 ɗin suka bar sauran. A Shanghai kuwa, wani babban bincike na 2018 ya sami masu koren shayi sun ɗan fi kamuwa da ciwon. A gwajin ƙuri'a, sukarin jini na safe kafin karin kumallo yakan sauka da ƙasa da maki 2, a ma'aunin da ake kiran mutum mai ciwon suga idan ya kai 126. Wannan ba abin da mai ciwo zai jingina da shi ba ne.

Batun rage ƙiba kuwa gajere ne. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace gwaje-gwajen magani, ta duba na koren shayi a 2012 ta ce abin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan shayin rage tumbi, ganyen filasko ne ke aiki a ciki. Gudawa yake sawa. Abin da ya zube ruwa ne, kitsen yana nan.

Kusan duk manyan binciken da na ambata, a Turai da Japan da Sin aka yi su, a kan kofunan can. Bari mu leƙa namu.

Da an idar da sallar asuba teburin mai shayi ya cika. Gwangwanaye jere, burodi a tsaye cikin leda, ruwa na tafasa a gefe, kaskon ƙwai na ƙauri. Wani ya zauna a benci ya ce, "Malam, a haɗa mini mai kauri." Mai shayi ya jawo babban kofi, ya kamfato sukari da cokalin cin abinci, sau biyu, tulle. Ya ƙara garin koko, ya zuba madara, sannan ya tsiyaya ruwan ganyen a kai, ya ɗaga hannu sama yana juyawa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. A cikin wannan haɗi ganyen shayi shi ne ƙaramin baƙo. Wani lokaci ma launi kawai ya bayar.

Mu yi lissafi. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kamar giram 4 na sukari, babban cokali kuma ninkinsa uku. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a yini, wato kamar giram 50 ga babban mutum, in da hali ma a tsaya a 25. Manyan cokula biyu sun kusa cinye 25 ɗin nan tun rana ba ta fito ba. Ba a lissafa sukarin da ke cikin garin koko ba. In kuma madarar nan ce mai danƙo ta gwangwani, kusan rabin nauyinta sukari ne. Garin madara mai araha da ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa, da yawansa an cire man nonon an maye gurbinsa da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Ga farin burodi rabin sanda, ga bota, ga taliya. Wanda ke karyawa da wannan kullum, ya kuma maimaita da dare, bai kamata ya ji labarin Miyagi ya yi murmushi ba. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, amma babu dokar da ke auna cokalin mai shayi, kuma shi abin da aka ce ya zuba yake zubawa.

A fadojin samari na Damagaram da Maraɗi da Yamai, ganyen ya fi samun girmamawa. Kore ne na Sin, ana cika 'yar buta da shi a ɗora a kan gawayi, a bar shi ya daɗe yana tafasa har ya yi duhu, a sheƙa shi daga buta zuwa finjali ana ɗaga hannu don kumfa ta tashi. Dahuwa uku ake yi da ganye ɗaya, ta fari mai ɗaci, ta ƙarshe mai zaƙi. Wajen katekin, wannan ya fi na teburin asuba nesa ba kusa ba. Amma da finjalin nan ake auna sukarin, kuma kowace dahuwa da nata. Ana kuma kaiwa tsakar dare, ga goro, wanda shi ma kafeyin ne, ga taba a hannun wasu. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a yini ba ya cutar da lafiyayyen babba, mai juna biyu kuma ta tsaya a 200. Kafeyin yakan ɗauki awa biyar ko kusa da haka kafin rabinsa ya bar jini, don haka finjalin ƙarfe sha ɗaya na dare yana nan yana aiki har asuba. Ƙarancin barci shi kansa yana cikin abubuwan da ke tayar da hawan jini. Zaman fada kuwa, da hirarsa da zumuncinsa, ba abin da zan ce a bari ba ne. Awon sukarin da lokacin dahuwar ne abin gyara.

Akwai wata illa da ta fi shafar mu fiye da Turawa, kuma ba a cika faɗarta ba. Sinadaran nan masu bauri suna kama ƙarfen da ke cikin abinci su hana hanji tsotsarsa, musamman ƙarfen hatsi da wake da ganye, wanda shi ne yawancin abin da talaka ke samu. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka nuna haka, kuma gwaje-gwajen baya sun sami ragin da ya wuce rabi idan an sha baƙin shayi tare da abinci. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya sami kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Ƙarancin jini mai tsanani yana wahalar da zuciya, domin dole ta ƙara gudu kafin iskar da jiki ke buƙata ta isa ko'ina. Gyaran mai sauƙi ne: wani gwaji na 2017 a Birtaniya ya nuna jinkirta shayi da awa ɗaya bayan cin abinci yana rage wannan matsala sosai. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini a awo, kada ta kora ta da shayi. Yaron da aka yaye kuma, ba shayi da burodi ne abincinsa ba.

Masu shan magani su ma su lura. A Fukushima ta Japan, a 2014, an ba mutum goma koren shayi na mako biyu sannan aka ba su nadolol, wani maganin hawan jini da bugun zuciya. Abin da ya shiga jininsu na maganin ya ragu da kusan kashi 85 cikin ɗari. Ba kowane magani ke haka ba, amma ya isa dalilin da za a riƙa haɗiyar ƙwaya da ruwa zalla, a kuma gaya wa likita in ana yawan shan kore. Ƙwayoyin da ake tatsa daga koren shayi a sayar a kwalba kuwa, wani abu ne daban da kofin shayi. Faransa da Sifaniya sun janye wani mai suna Exolise daga kasuwa a 2003 bayan ya lalata hantar wasu mutane, kuma a 2018 hukumar Turai ta yi gargaɗi a kan shan miligiram 800 na EGCG ko fiye a yini ta wannan hanya. Shayin da aka dafa aka sha yadda aka saba bai shiga gargaɗin ba.

Wani abin ban sha'awa, abin shan da ya fi nuna ƙarfi a kan hawan jini a irin waɗannan gwaje-gwaje ba shayi ba ne, zoɓo ne, wanda muke nomawa a Jigawa da Kano da Katsina muna lodawa zuwa Meziko. A jami'ar Tufts ta Boston, a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini suka shiga gwajin mako shida. Masu shan kofi uku na zoɓo a rana lambarsu ta sama ta sauka da maki 7, masu shan na bogi da maki 1. Gwajin ƙarami ne, kuma zoɓon ba irin na ƙullin leda ba ne da sukari ya yi wa katutu.

Hukuncina a kan ganyen shi ne: abin sha ne mai kyau, mai yiwuwa yana ɗan taimakon jijiyoyin jini, kuma kofi biyu zuwa huɗu a yini ba sa cutar da yawancin mutane. Babbar falalarsa a wurinmu ita ce abin da yake maye wa gurbi. Wanda ya ajiye lemon kwalba ya ɗauki ruwan bunu da citta da kanumfari ko na'a-na'a ya ci riba, ko da a ce katekin ba ya aikin komai. Wanda kuma ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda wani ya ce koren shayi na wanke jini, ya sa kansa a hanyar shanyewar jiki, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Saura uzurin da kowa ke kawowa, cewa shayi ba ya shawuwa sai da zaƙi. An gwada wannan ma. Masu bincike daga jami'o'in Landan da Leeds sun ɗauki maza 64 da suka saba sa sukari, suka raba su uku: wasu su daina lokaci guda, wasu su riƙa rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, wasu su ci gaba yadda suke. A rahoton da suka gabatar a Glasgow a 2019, bayan mako huɗu waɗanda suka rage suna jin daɗin shayinsu kamar da, kuma kashi 42 cikin ɗari na masu ragewa a hankali sun bar sukarin gaba ɗaya. Mai karatu, wata ɗaya ne kacal. Ka fara da ƙaramin cokali a maimakon babba, in kuma ka haura arba'in ba ka san lambar awon jininka ba, ka biya ta kemis ko asibiti mafi kusa a auna ka cikin makon nan.